Jiki Magayi, Ko Shaidar Zur?

Masu iya magana sun ce jiki magayi, kuma babu wanda aka riƙe wa wannan magana da gaske kamar 'ya mace. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ke faruwa ranar da amarya ta fara zuwa ganin gida. Kafin ta gama gaishe-gaishe, gwaggwanni da innoni sun riga sun karance ta tun daga wuya har damtse. In ta murje, kumatu sun fito, sai a shiga yi wa juna barka, aure ya karɓe ta, yaron kirki ne, ya iya riƙo. In kuwa ta zo da ƙashin wuya a waje, to an shiga ƙus-ƙus ke nan: ko miji marowaci ne, ko uwar miji ce ta sa ta a gaba, ko kishiya ce ta yi aike. Ba a cika tambayar yarinyar ba, don kuwa jikinta ya riga ya ba da shaida, alƙalai sun yanke hukunci.

Tambayar da muke son mu da 'yan'uwa marubuta mu zauna a kanta ita ce: idan jama'a suka mayar da jikin yarinya takardar shaida, har ta kai ga cutar da kanta domin shaidar ta yi kyau, alhakin a wuyan wa yake? Nata ne, tunda da hannunta ta kai ƙwaya baki, ko kuwa na idanun da suka zuba mata ne?

Bari mu fara da yi wa iyayenmu adalci. Son ƙiba ga 'ya mace ba daga jahilci ya samo asali ba. A ɗauki Wanke da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tsakanin ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda rayuwa kacokan ta rataya a kan dawa da gero da masara da wake da gyaɗa. Mutumin wannan yanki ya san rumbu yana cika da kaka, ya kuma san yadda yake komawa fayau idan damina ta yi nisa sabon hatsi bai nuna ba. A irin wannan rayuwa, tsokar da ke jikin mutum ajiya ce, kamar damin da aka ɓoye a ƙasan rumbu. Yarinyar da za a kai ɗaki, ciki da goyo da shayarwa da daka da surfe ke jiranta, kuma tsofaffi sun ga yadda ramammiyar mace ke shan wuya wajen haihuwa tun kafin likita ya zo ya gaya musu dalili. Shi ya sa idan biki ya ƙarato ake hutar da ita daga aiki, a riƙa ɗura mata fura da nono, da kunun gyaɗa, da gumba, da aya da dabino, a dafa mata kaza, a jiƙa mata hulba. Abinci ne na gaske, wanda ke gina jini da ƙashi da tsoka. Ƙibar da ta fito daga nan gaskiya take faɗa: gidan nan akwai hatsi, akwai kuma masu kula.

Ba mu kaɗai ba ne. A cikin littattafan hadisi na Abu Dawuda da Ibnu Majah akwai labarin yadda mahaifiyar Nana A'isha (RA) ta nemi ta sa mata ƙiba kafin tarewa, abin bai yiwu ba sai da ta haɗa mata kokwamba da ɗanyen dabino. Efik na Kalaba suna da ɗakin da suke killace budurwa ana ciyar da ita kafin aure. Zabarmawan Nijar suna da bikin hangandi, inda mace mai jiki ke cinye gasa. Larabawan Azawak da ke arewacin Nijar kuwa sun fi kowa zurfafawa, domin tun yarinya na zubar da haƙoran nono ake fara cusa mata madara da kunun gero, kamar yadda wata mai binciken al'adu, Rebecca Popenoe, ta bayyana a littafinta na 2004 bayan ta zauna tare da su. A Muritaniya ma haka abin yake, har da duka da matse yatsu idan yarinya ta ƙi haɗiya. To, nan kam an wuce gona da iri, kulawa ta rikiɗe ta koma azaba, kuma wannan ya isa ya nuna mana cewa al'ada mai kyakkyawan tushe tana iya haifar da mugun reshe.

Yanzu a dubi halin da ake ciki. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta auna yara a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa. Wannan a jihar da tun da aka ƙirƙiro ta a 1996 take kirari da noma. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. 'Yan bindiga sun hana noma a gonaki masu nisa, sun kore shanun da ake tatsa, sun ɗora wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, ƙauyuka da dama sun watse sun kwararo cikin Gusau. Nonon da ake dama wa amarya fura da shi ya yi tsada, kazar ma an sayar an biya kuɗin fansa. Amma idon gwaggo bai canza ba. Har gobe yana neman kumatu da cikar ƙirji, ba ruwansa da abin da ya sami rumbu.

A wannan giɓi, tsakanin abin da ido ke nema da abin da tukunya ke iya bayarwa, ƙwaya ta samu wurin zama. Sunan da jama'a suka laƙaba mata ma ya isa wa'azi: sha-ka-fashe. Galibi magunguna iri biyu ne. Na farko shi ne deksametason, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa ga mai asma ko kumburi, wanda a 2020 masana a Jami'ar Oksfod suka tabbatar yana ceton masu korona da ciwo ya yi wa tsanani. Na biyu shi ne siproheftadin, maganin borin jini da ƙaiƙayi, wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Shi ne ke cikin ruwan maganin nan Apetamin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. Ana samun su a kemis ba tare da takardar likita ba, ana samun su a tiren masu talla ranar kasuwa, kuma kuɗinsu bai kai na ƙwaryar nono ba. Wani lokaci ma ƙawa ce ke ba ƙawa a ƙulle cikin leda, babu suna babu kwali.

Yana da kyau marubuci ya san abin da deksametason ke yi a jiki, don kada ya ɗauka tatsuniya ce. Cikin 'yan makonni fuska za ta yi zagaye kamar wata ɗan daren goma sha huɗu, ciki ya tashi, kitse ya taru a bayan wuya. Mai kallo daga nesa sai ya ce ta samu hutu. Alhali kuwa yawancin abin ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe, da kitsen da ya sauka inda bai kamata ba. A daidai lokacin tsokar hannu da ta cinya tana zagwanyewa, fata tana sirancewa har ta tsattsage, ƙashi yana rubewa daga ciki, sukari da hawan jini suna hauhawa, al'ada tana rikicewa, garkuwar jiki kuma tana faɗuwa, ta yadda tarin fuka da ya daɗe a kwance zai iya farkawa. Wato dai yarinyar da ta shiga da rama kaɗai, ta fito da rama da ciwo, an lulluɓe su da kumburi. Jiki magayi ne, haka ne, amma wannan karon an ba shi cin hanci ya yi shaidar zur.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu leƙa gidan maƙwabta, inda abin ya juya baibai. A ƙasashen da abinci ya wadata, 'yan mata tsoron ƙiba suke yi kamar yadda namu ke tsoron rama. Tun a 1873 wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa wa cutar ƙin cin abinci suna anoreksiya, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Yarinya na zaune gaban abinci iri-iri tana kashe kanta da yunwa, ta dubi madubi ƙashi da rai amma ita ƙatuwa take gani. Wata kuma ta ci ta ƙoshi, sannan ta zaga ta zura yatsa a maƙogwaro ta amayar. Da farko an ɗauka ciwon 'ya'yan Turawa masu kuɗi ne. Sai a 1986 wata likita 'yar Masar, Mervat Nasser, ta gwada ɗalibai mata Larabawa da ke karatu a Landan da takwarorinsu na Alƙahira, ta samu kashi 22 cikin ɗari na 'yan Landan suna da alamun matsalar, na Alƙahira kuwa kashi 12. Jini ɗaya, harshe ɗaya, idon da ke kallonsu ne ya bambanta.

Misalin da ya fi jan hankalinmu shi ne na 'yan matan Larabawa da na Yahudawa a Isra'ila. Masu bincike irin su Yael Latzer ta Jami'ar Haifa sun bi makarantu suna raba takardar tambayoyi a kan cin abinci da nauyin jiki, ga Yahudawa da kuma Larabawa Musulmi da Kirista da Duruz da Badawiyyai. An yi zaton suturar kamala da zaman gida da riƙon al'ada za su zama katanga ga 'yar Balarabiya. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna ƙishirwar sirantaka a wurinta ta yi kusa da ta 'yar Bayahudiya. Al'ummu biyu da rikici ya raba, harshe ya raba, addini ya raba, ga shi madubi ya haɗa 'ya'yansu a damuwa guda. Abin da ya fi ban mamaki shi ne kakannin wasu daga cikin waɗannan 'yan mata, Yahudawan Tunisiya, sun shahara a ƙarni na 19 da ɗura wa amarya abinci har sai ta yi taiɓa, domin a wancan zamani mace mai jiki ita ce abin nema. Cikin zuriya uku ko huɗu ma'aunin ya kife. Abin ya kai har majalisar ƙasar ta yi doka a 2012, wadda ta hana tallata kaya da macen da ta rame ƙasa da wani ma'auni, wato idan aka raba nauyinta na kilo da tsawonta na mita sau kansa aka samu ƙasa da 18.5, ta kuma tilasta a rubuta a jikin talla idan an rage wa mace jiki a hoto da kwamfuta.

Yaya saurin kifewar ma'auni yake? Tsibirin Fiji ya ba da amsa. Mutanen wurin, kamar mu, mace mai jiki suke yabo, kuma rama abin jaje ce. A 1995 talabijin ta isa lardin Nadroga da finafinan Amurka. Anne Becker ta Jami'ar Habad ta tambayi 'yan matan makaranta a shekarar, ba ta samu ko ɗaya da ke jawo amai don rage jiki ba. Da ta koma a 1998 ta tarar kashi 11 cikin ɗari suna yi. Shekara uku kacal. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamace ka. Mu ma tun da Agbani Darego ta ci sarauniyar kyau ta duniya a 2001 sirantaka ta samu daraja a biranen kudu, yau kuma waya ta kawo Instagram da TikTok har cikin ɗakin 'yar sakandare a Gusau da Tsafe. A 2021 takardun cikin gida na kamfanin Facebook da suka fita sun nuna kusan ɗaya cikin uku na 'yan matan da ke jin haushin jikinsu sun ce Instagram na ƙara musu. Sai ya zamana 'yarmu ta yau an ɗora mata kaya biyu masu karo da juna: ciki ya shafe, ƙugu ya tsuke, amma ƙirji da mazaunai su cika. Da safe shayin rage tumbi, da dare ƙwayar ƙiba. Kakarta buƙata ɗaya aka ɗora mata, kuma da abinci ake biyan ta.

To, alhakin na wa? Akwai masu cewa na yarinyar ne, son zuciya ne da rashin godiya ga halitta. Wannan magana tana da sauƙin faɗa, musamman ga namiji mai furfura. Amma a tuna da sunayen da ake jifan siririyar yarinya da su tun tana tallar gyaɗa: sillan kara, tsinken tsire, kazar mayu. A tuna cewa tun shekarun 1990, da cutar ƙanjamau ta yaɗu, rama ta zama abin zargi, har sunan cutar ma daga ƙanjamewa aka ciro shi, kuma wata yarinyar ta rasa manemi ba don komai ba sai don an ce jikinta abin tuhuma ne. A ƙauyen da karatun 'ya mace bai cika wuce firamare ba, aure shi ne aikinta, shi ne fanshonta, shi ne mutuncin uwarta a gidan suna. Yarinyar da ta lissafa wannan duka ta sayi ƙwaya ba mahaukaciya ba ce. Lissafinta daidai ne bisa abin da aka nuna mata. Abin da aka ɓoye mata shi ne farashin.

Akwai kuma masu cewa, ai jikinta ne, ta yi yadda ta ga dama. Da lalle da kitso da kwalli da hujin kunne duk gyaran halitta ne, me ya sa za a tsangwami wannan? Su ma ba mu tare da su, ko da yake tambayar tasu tana da nauyi. Lalle yana gogewa cikin mako biyu, kitso ana tsefe shi. Mai ƙunshi ta san iyakar abin da ta saya. Amma ƙashin da ya rube a shekara goma sha shida, daidai lokacin da jiki ke tara ƙarfin da zai yi amfani da shi har tsufa, ba a tsefe shi. Zaɓi yana zama zaɓi ne idan mai yin sa ya san abin da zai biya, kuma idan ya ƙi ba za a hukunta shi ba. Duka sharuɗɗan biyu babu ko ɗaya a nan. 'Yar Wanke mai haɗiyar ƙwaya da 'yar Haifa mai ture faranti, kowacce tana amsa tambayar da ba ita ta yi ba.

A ganinmu kaso mafi girma yana wuyan masu kallo, sai dai masu kallon ba daidai suke ba. Uwa da ta ga 'yarta a bushe ta damu, damuwarta gaskiya ce, domin yarinyar da ba ta ƙoshi ba idan ta yi ciki tana fuskantar ƙarancin jini da doguwar naƙuda da haihuwar jariri maras nauyi. Kuskuren yana wajen magani. Mai kemis da ya san abin da ƙwayar ke yi, ya kuma san dalilin da ya sa 'yar shekara goma sha biyar ke neman ta kullum, nasa alhakin ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Sai saurayi da dangin miji masu duba yarinya kamar yadda ake taɓa gadon bayan ragon layya a kara. Mun san kwatancen ba shi da daɗin ji, amma masu turka ma akwai waɗanda ke ba dabba irin wannan magani don ta kumbura kafin ranar kasuwa, kuma kowa ya yarda wannan algus ne. Ba a ga mai saye da ya taɓa tuhumar ragon ba.

Saura alƙalami, wanda shi ne ya tara mu a wannan mujalla. Duk wanda ya karanta littattafan soyayya tun daga tashensu a Kano cikin shekarun 1980 zuwa waɗanda ake rabawa ta waya a yau, ya san tauraruwar labari tun kafin a faɗi sunanta. Fara ce, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya, ga diri kamar ita ta zana kanta. Muguwar kishiya kuwa ko dai baƙa ce rusheshiya mai tumbi, ko busasshiya mai ƙashin wuya. Shafi biyu ake ɓatawa a kan sifa, a ba hali layi uku. Masu karanta waɗannan littattafai kuwa galibinsu 'yan mata ne masu shekarun da muke magana a kai, suna karantawa a ɓoye cikin hijabi a bayan aji, kowacce tana auna kanta da wata halitta da babu ita a duniya. Marubuci zai ce shi abin da jama'a ke so yake rubutawa. Haka mai kemis ma yake cewa.

Ba muna kira a daina siffanta kyau ba ne, adabin da babu kyau a cikinsa tuwo ne babu miya. Magana ce ta ƙwarewa kafin ta zama ta ɗa'a. Marubucin da ya lura da mutane da gaske ya san abin da ke sa a so mace ya fi ƙarfin tef ɗin tela: yadda take dariya, yadda take tsare gida a ciniki, yadda take shiru idan ranta ya ɓaci. Wanda ya kwafi sifa daga littafin da ya gabace shi bai kalli kowa ba. Ga kuma labari nan zube a ƙofar gida ba a taɓa shi sosai ba: amaryar da aka yi wa guɗa saboda kumatunta, wata shida bayan biki ana yawo da ita gidajen masu magani ana cewa sammu ne ko iska, alhali ƙullin ledar na nan a ƙasan adakarta, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Akwai uwa a ciki, akwai ƙawa, akwai miji, kuma babu ɗayansu da ya nufe ta da sharri.

Duk wanda zai rubuta wannan labari, akwai abu guda da bai kamata ya kuskure ba, domin mai karatu na iya aiki da abin da ta karanta. Wadda ta daɗe tana shan deksametason ba a ce mata ta watsar da shi rana ɗaya. Jiki yana da wasu 'yan ƙullutai biyu a saman ƙoda masu samar da sinadari irin wannan, kuma idan aka daɗe ana kawo shi daga waje sai su kwanta barci. In aka yanke kwatsam, jini na iya faɗuwa, ga amai da kasala da suma, har a rasa rai. Likita ne ke rage shi sannu a hankali, cikin makonni ko watanni, yana auna sukari da hawan jini. Ga mutanen Wanke, hakan na nufin zuwa Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a kan hanyar da direbobi ke tambayar lafiyarta kafin su ɗauki fasinja, kuma ba zuwa ɗaya ba ne.